Dal ɗin Toka a Shekarar da Kogi Ya Tsaya

Ku yaran yanzu kuna ba ni dariya. Mutum ya yi wata biyu yana tura burweti, baron nan na ɗaukar yashi, ya ga yadda ake juye siminti kan yashi, sai ya sayi cokalin gini ya soke a aljihun baya, wai shi ma magini ne. Jiya ma wani ya ce mini, "Baba Mamman, ai beto ba wani abu ba ne, ka kwaɓa ka zuba, rana ta busar." Rana ta busar! Na ce masa ya tashi daga gabana kafin raina ya ɓaci. Beto, wato kankare, ba wanki ba ne da za a shanya. Ruwa yake sha yana yin ƙarfi, in ka bar shi ya bushe da wuri ka kashe shi. Ni da jikina na san haka, don na taɓa zuba dal, wato rufin beto, a shekarar da ruwan sha ma ya nemi ya gagari mutanen Yamai. Ku jawo bulo ku zauna.

Aikin farko da aka ba ni a shantiye, wurin gini, tankaɗe yashi ne. A hannun wani mutumin Damagaram na koya, Maigida Lawali, Allah ya ji ƙansa. Na daɗe ƙwarai a wurinsa kafin ya bar ni na taɓa cokali. Sai ya damƙi yashi ya murza a tafin hannu, ya buɗe ya duba. In hannun ya yi ja, to da laka a ciki, amalanken ya koma inda ya fito ko mai shi zai yi kuka. Shi ya koya mini sa ƴan tsakuwa ƙarƙashin ƙarfe don beto ya lulluɓe shi sama da ƙasa, shi ya koya mini daidaita gini da tiyo mai ruwa a ciki, da igiya mai dalma. Kayan aikinmu ke nan fa, sai pel, wato shebur, da guduma. Babu injin kwaɓi, babu injin girgiza. Da sanda muke zungurar beto, muna bugun katako daga waje har iska ta fita. In ka yi ragwanci, ranar da aka cire katako kowa zai ga ramuka kamar saƙar zuma, kuma Maigida Lawali ba ya zagi a ɓoye.

Masu ba da aiki kuwa na ga iri-iri. Akwai wanda zai tsaya a kanka ya ce ka rage siminti, ai Allah ne ke riƙe gini. Akwai wanda bai san komai ba amma ƙaninsa ya taɓa zuwa Abijan, don haka ƙanin ne zai koya maka aiki. Akwai kuma na kirki, wanda zai kawo maka fura da rana ya koma harkarsa. Isufu tela cikin na kirkin yake.

Aikin Isufu ɗaki biyu ne a bayan kasuwar Wadata. Mutumin Maraɗi ne, ya daɗe a Yamai yana ɗinki, ya samu ɗan fili siriri. Da yake filin ba shi da faɗi, sai ya ce a rufe masa da dal maimakon kwano, ko wata rana ya hau sama. Lokacin na fara cin gashin kaina, ba na ƙarƙashin kowa. Mun tayar da bango, mun zuba ginshiƙai, wani kafinta Bazabarme mai suna Seyni ya kafa kofraj, wato katakon da ake zuba beto a kai, ya tokare shi da sanduna daga ƙasa har ɗakunan suka cika, babu inda za ka shimfiɗa tabarma. Na ɗaure ƙarfe. Saura zubi kawai.

To, sai abubuwa suka haɗu. Damina ta ƙi, dabbobi suka ƙare a karkara, mutane suka yi ta kwararowa birni. Wata rana kamyo, babbar motar kaya, ya sauke wa Isufu mahaifiyarsa, Inna Haɗiza, da matan ƴan uwansa da yaransu, daga su sai ƙunshin kaya da akuya guda. A tsakar filin nan suka zauna, ƙarƙashin rumfar tabarmi, gefen tsibin tsakuwata. Ga kuma iyakar Najeriya a rufe, siminti ya zama abin nema da rantsuwa. Wanda Isufu ya tara bai wuce rabin abin da dal ɗin ke so da ɗan ɗori ba. Na gaya masa gaskiya, na ce ba zan shimfiɗa rabin siminti a kan mutane ba. Ya dubi rumfar ya ce, "Mamman, yanzu zafi ne, tana jurewa. In hadari ya taso fa, ina zan kai tsohuwar nan?"

Wanda ya kawo zancen toka Malam Abdu ne. Isufu ke yi masa ɗinki, shi kuwa yana aiki a labo, inda ake matse beto da inji a ga ƙarfinsa. Ya taɓa zama a arewa, bayan Agadas, inda ake ƙona gawayin ƙasa a yi lantarki. Ya ce tokar wurin tsibi-tsibi take ba mai so, kuma manyan motocin da ke kai kaya can wayam suke dawowa. In an samu mai laushin, wadda ke bin hayaƙi, za ta iya maye gurbin kusan rabin siminti.

Na ce, "Malam, toka? Ni da aka koya mini korar amalanke saboda ƴar laka, yau in zuba toka da hannuna?"

Bai yi gardama da ni ba. Washegari ya zo da wani ɗan dunƙulen beto a bayan ɗan babur ɗinsa mobilet, ya ce bara ya zuba shi, rabi siminti rabi toka. Ya miƙo mini gudumata ya ce in gwada. Na daka, guduma ta yi ƙara ta dawo mini har kafaɗa. Na sake dakawa, ɗan gefe kawai ya ɓalle, cikinsa kuwa a cure yake, babu ko hudar allura. Sannan ya zaunar da ni ya gindaya mini sharuɗɗa. Ya ce ba tokar murhu ba ce, kada wani ya ji labari ya je ya kwaso ta gidan tuwo. Ya ce in tankaɗe ta, in rage ruwan kwaɓi, don ita da kanta tana sa beto santsi. Babban sharaɗin kuwa ya maimaita shi har ya gundure ni: "Wannan beto jinkirin tashi gare shi. Siminti ne zai fara kamawa, toka sai daga baya take shiga aiki, kuma ba ta aiki sai da danshi. In ka shayar da shi ya daɗe, zai wuce na siminti zalla. In ka bar shi ya bushe, ka yi asarar rabin dal. Sanduna kuma kada a taɓa su lokacin da kuka saba." Na ce na ji. Ruwa ai ba ya gagara a garin da ke bakin kogi.

Ranar zubi na ji daɗin aiki, ba zan ɓoye muku ba. Wani direba abokin Isufu ya kawo tokar a buhuna, toka-toka mai laushi kamar garin alkama. Ruwan kwaɓi daga wani gurbi da ya rage ƙarƙashin gada, wajen Gaweye, mai amalanken jaki ya ɗebo mana, muka bar shi a tano, wato ganga, ya kwanta. Da muka kwaɓa, sai ga beto yana bin pel ba gardama, yana shiga tsakanin ƙarafa da ɗan zunguri kaɗan. Cokali yana tafiya a kansa sumul. Malam Abdu ya ɗebi kaɗan ya cika wasu ƴan akwatunan ƙarfe, ya jera su a kan dal ɗin, ya ce duk abin da dal ya sha su ma su sha, ta nan za mu san halin da yake ciki. Da safe na ɗora hannu. Beto na siminti zalla za ka ji shi da ɗumi kamar jikin mai zazzaɓi, kuma wannan ɗumin ne ke kawo ƴan tsage-tsage. Wannan kuwa lafiya lau, ko tsaga ɗaya ban gani ba. Na rufe shi da yashi, na ɗora tsofaffin buhuna da tabarmi, na jiƙa sosai.

Bayan ƴan kwanaki aka ga watan azumi, kuma a cikin kwanakin nan kogi ya tsaya. Ku da kuka taso kuka gan shi cike ba za ku yarda ba, amma da ƙafa mutane ke ƙetarewa, yara na wasa a tsakiyarsa. Mulkin soja ake yi, ba a maimaita magana. Rediyo ta ce ruwa na sha ne da girki, ban da wanke mota, ban da lambu, ban da gini. Aka sa soja a bakin pampo, aka sa a bakin gurbin nan na gada. Mai amalanke ya ce mini ko zan ba shi jaki sabo ba zai koma ba. Na hau sama da azahar na ɗaga tabarma, na tarar yashin ya fara fari. Na tona da yatsa, ɗan danshin da ya rage bai kai kaurin fata ba. Ga ƙishin azumi, ga rana kamar ta sauko, ni kuma ina tsaye a kan dal ɗin da zai mutu a hannuna, mutanen da za su kwana ƙarƙashinsa suna zaune ƙasa suna kallona.

Da na sauko, na tarar Inna Haɗiza tana alwala. Ba a ƙasa take yi ba, cikin wata ƙwarya take tarar ruwan, kamar yadda suka saba a ƙauye tun da rijiyoyi suka ja baya, in ta gama ta ba akuya. Ta dube ni ta ce, "Ɗana, lafiya? Fuskarka ba daidai take ba." Na gaya mata. Sai ta miƙo mini ƙwaryar.

Na ce, "Inna, wannan ai ko tabarma ɗaya ba zai jiƙa ba."

Ta ce, "Ni kaɗai ke salla a garin nan?"

Akwai wani ɗan masallaci a kan kwana, na teloli da ƴan dako da masu tireda. Kowace salla za ka ga bakin masallacin ya jiƙe, ruwan alwala na gangarawa cikin rairayi. Ni da Isufu muka je wurin liman bayan la'asar. Ya saurare mu, ya ce shi bai ga laifi ba, ruwan da aka yi alwala da shi ba najasa ba ne, kuma barinsa ya bi rairayi shi ne ɓarna. Ya sanar da jama'a. Ni kuma na tashi na kafa nawa sharaɗin: tsarki a ƙasa, alwala a sama. Aka yi dariya, amma kowa ya gane. Na ce wa mata kuma ban da ruwan sabulu, ban da ruwan tsari, na alwala kaɗai nake so.

Seyni ya gyara tsani ya yi masa madafa saboda tsofaffi. Daga ranar, da an kira salla sai ka ga mutane na hawa da butocinsu. Ni nake tsaye a sama kamar ɗan sandan hanya: "Alhaji, matsa can kusurwa, nan an sha." "Kai mai dako, ɗaga tabarmar tukuna, ka mayar in ka gama." Matan unguwa suna tara nasu a ƙwarya da tasa, a miƙo sama. Ba ruwa ne mai yawa ba, buta ce buta ce, amma sau biyar a yini, kuma yashi da tabarma suna riƙewa. Bayan kwana biyu na tona, yashin ya yi duhu har ƙasa. Wani tsoho mai sayar da goro har ya kama wurinsa, in wani ya riga shi sai faɗa.

Ba a rasa mai kai ƙara. Wata rana kafin azahar sai ga soja, wai an ce ana shayar da gini a nan. Ya hau tsani da takalminsa, ya ɗaga tabarma da bakin takalmi, ya ga yashi jiƙe. Ya ce, "Wa ke da aikin nan?" Na ce ni ne. Ya ce, "Ba ka ji rediyo ba?" Na fara kame-kame, don na san in an tafi da mutum ba a faɗin ranar dawowa. Ana cikin haka ladan ya kira salla. Kafin in haɗa magana, ga kan mai goro ya ɓullo daga tsani, bayansa tela, bayansa ɗan dako, kowa da buta. Suka yi masa sallama, kowa ya tsuguna a wurinsa ya ce bisimilla. Soja ya tsaya yana kallo. Can ya tambayi mai goro ko kullum haka suke yi, mai goro ya ce kullum, kuma shi ga wurinsa nan. Sai sojan ya ce a ara masa buta. Na nuna masa kusurwar da ba ta sha ba.

Na ce an gama da wahala, ashe da saura. Tsakiyar azumi, lokacin da aka saba cire kofraj ya yi, sai ga Seyni da guduma. Yana da wani aiki a unguwar Dar es Salam, katako da sandunansa duk suna nan a ɗaure, mai aikin can kuma ya matsa masa. Na ce ba yanzu ba. Ya ce tun yana yaro yake cire katako, bai taɓa wuce wannan lokacin ba. Sai ya zaro ƙusa, ya je gefen dal inda ya fito fili, ya karta. Ƙusa ta ci, har gari ya zubo. Ya nuna wa Isufu ya ce da Hausarsa ta kasuwa, "Wannan ba beto ne ba, tuwo ne. Ko shekara an bari, tuwo ne."

Isufu ya ja ni gefe. Mutum ne mai kunya, bai taɓa ɗaga mini murya ba, ranar ma bai ɗaga ba. Ya ce, "Mamman, don girman Allah ka gaya mini. In sa uwata ƙarƙashin wannan abu?" Na ji tsoro, don ni ma na ga garin da ya zubo. Na ce masa yau kam a'a, amma a kira Malam Abdu.

Malam Abdu ya ɗauki dunƙule ɗaya cikin waɗanda ya jera a sama, ya kai labo. Ya dawo ya ce Seyni bai yi ƙarya ba, in aka cire sanduna yau dal zai lotsa. Amma ya ce gefen da aka karta shi ne inda rana ke duka, ruwa ba ya kaiwa, na ƙarƙashin yashi ya fi haka nesa, kuma ƙarfinsa yana kan hawa. A ci gaba da shayarwa har bayan salla. Seyni ya yi ta faɗa da Zabarmanci, ni ma na mayar masa da Hausa, har liman ya shiga tsakani. Daga ƙarshe teloli suka bi ƴan uwansu masu sayar da itace a kasuwa, aka aro wa Seyni sandunan da zai fara wancan aikin. Ya tafi yana ƙunƙuni, amma da la'asar ya dawo da butarsa. Na ɗaure tsofaffin buhuna a gefunan dal ɗin, na sa ana jiƙa su su ma.

Aka yi salla, hadari ya fara haɗowa daga gabas. Wata yamma iska ta ɗauke rumfar tabarmi gaba ɗaya, aka tsinto ta a gidan maƙwabta, aka ɗan yi yayyafi, tsohuwa ta jiƙe ta kwana tana tari. Da safe na ga Isufu tsaye yana kallon sandunan nan. Malam Abdu ya sake kai dunƙule labo. Da ya dawo, tun daga nesa na ga yana murmushi. Ya ce ya kai, har ya ɗan wuce abin da ake nema, kuma bai gama hawa ba. Seyni ya ce shi ba ya jin yaren inji, ya sake zaro ƙusarsa. Ya karta, ya danna da ƙarfi, ƙusa ta lanƙwashe. Ya dube ta, ya jefar, ya ce a kawo guduma.

A wurinmu, ranar cire sanduna magini ne ke tsayawa ƙarƙashin dal ɗinsa. Ba doka ba ce, amma wanda ya ƙi tsayawa ba ya sake samun aiki a unguwar. Na kori kowa waje, na shiga tsakiyar ɗaki. Seyni ya fara daga tsakiya, yana bugun sanda ɗaya ya tsaya ya saurara, sannan ya matsa wajen bango. Mutanen masallaci duk sun taru a ƙofa. An cire kamar rabi sai na ji motsi a bayana. Inna Haɗiza ce, da tabarmarta a hammata, ta raɓa ta tsakanin mutane ta shigo. Isufu ya yi kira, "Inna, don Allah ki fito!" Ni ma na ce, "Inna, ki bari a gama." Ta shimfiɗa tabarma inda aka cire sanduna, ta zauna, ta miƙe ƙafafu.

Ta ce, "Kai ma ɗan wata ne, ga ka tsaye. Bazabarme, ci gaba da aikinka."

Seyni ya dube ni. Na ɗaga kai na dubi dal, na ce masa ya buga. Ya yi ta bugawa, sanda na faɗuwa, katako na ɓallewa, ƙasan dal na fitowa sumul, babu tsaga babu rami. Da ya zo kan ta ƙarshe ya ce bisimilla da ƙarfi, ya doke ta, ta faɗi ta gangara har bakin tabarmar tsohuwa. Muka tsaya muna saurare. Ko ƙwayar yashi ba ta zubo ba.

Inna Haɗiza ta ɗaga kai ta dubi rufin daga wannan bango zuwa wancan. Sannan ta ture sandar da ƙafa ta ce, "To, ku kwashe itacenku. A miƙo mini tsintsiya, zan share ɗakina."